Shanun Huɗar da Alhaji Mati Ya Sayar Mani

Abin da Alhaji Mati na Damari ya yi mani ba zan taɓa mantawa da shi ba. Mutumin nan ya dube ni ido cikin ido, ya sayar mani da shanun huɗa biyu waɗanda ba su taɓa shiga karkiya ɗaya ba.

Lokacin nan ne da kuɗin mai suka buɗe, kowa ya jefar da fartanya ya nufi birni. Ni ma na yi masinja a Kaduna, na dawo Sabuwa da agogo da rediyo da wando mai faɗin ƙafa (firamare aji huɗu na tsaya, amma a lokacin ji nike duk garin ba mai ilimina). Surukina kuwa ya riga ya faɗa a kasuwa cewa ya ba da 'yarshi ga wanda bai san gabas ɗin gona ba. Sai na ƙudura zan nuna mashi noman zamani: ba gayya, ba garmar hannu, shanu za su yi mani huɗar dawa.

Abin da ban sani ba shi ne, kowane sa da gefen da aka hore shi a kai. Na dama daban, na hagu daban. Alhaji Mati ya tsinto na dama a nan, na dama a can, ya haɗa mani.

Da ruwa ya sauka, ni da bakina na gayyaci surukina da dattawan unguwa. Har tabarma na shimfiɗa masu a gindin ɗorawa. Na kama garma na daka tsawa. Bijimin da aka ɗaura a hagu ya ce bai san zancen ba, ya ratso ta gaban ɗan'uwanshi yana neman gefenshi. Ɗayan ya ƙi matsawa. Suka juya, karkiya ta murɗe, suka zabura. Ni kuma girman kai ya hana ni sakin garma. Haka suka ja ni a kan ciki cikin taɓo, sai da wandon Kaduna ya tsaya a wani kututture ni na wuce.

Ba wanda ya yi dariya da farko. Sai surukina ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "To, Malam, mun ga na zamani. Gobe a kira gayya, kada 'yata ta kwana da yunwa bana." Nan fa aka kece.

Ranar kasuwa na iske Alhaji Mati cikin kara, wurin cinikin shanu, dillalai kewaye da shi.

"A'a, ɗan boko! Ya shanu?" in ji shi.

Na ce, "Alhaji, lafiya lau suke, kuma sun fi ka gaskiya. Su tun taku uku suka nuna mani halinsu. Kai kuwa shekara da shekaru ina gaishe ka a durƙushe."