Yadda Ake Tara Littattafan Fatalwa a Jidda, Aure Bai Mutu Ba

Ɗan'uwa, bi matakan nan. Na yi maka alkawari ɗakinka zai cika da tsofaffin littattafan Turawa masu zanen kangon gida, hankaka da gawa mai murmushi, kuma matarka tana nan daram. Ni na gwada, ga ni da raina.

1. Samo kaya

Je kasuwar gwanjo ka tona ƙarƙashin tsofaffin tukwane. In tuƙi kake yi a unguwar Abhur, sa ido ranar da Bature zai tashi daga gida ya zubar da tarkace. Kada karatun ya dame ka, ni ma ban iya ba. Zane za ka duba. In ka ga ana binne mutum, masu jana'iza suna rabon kek, har dariya ta kufce maka kafin istigfari, to littafin na kirki ne.

2. Yaƙi laima

Iskar Jidda jiƙa takarda take yi, har fatalwa ta yi funfuna. Littafi sai da mukayyif, na'urar sanyi. Ɗaya gare ku? Kai littattafai ɗakin da na'urar take, ka fito da gado falo. Gumi lafiya ne, masana sun tabbatar. Ni ne masanan.

3. Jure magana

Tawa, Saudatu, ta tsaya bakin ƙofa tana fifita da murfin tukunya. "Abu Tariq, halas, ya isa! Ko ƙwarangwal ɗin nan su fita, ko in koma gidan yayata a Ruwais."

Gaskiya na tsorata, don ina son matar nan. Amma kai kada ka nuna.

4. Jawo ta ciki

Ce mata ta shigo ta sha sanyi kawai. Bar littafi a buɗe. Da kanta za ta ɗauka. Saudatu har ƙyaƙyatawa take yi yanzu, ta daina zancen Ruwais.

5. Lura da shafin da ta fi so

Nata ga shi: miji ya kife kan tarin littattafansa, kofin shayi a gefe, matar cikin baƙaƙen kaya ta miƙe ƙafa a kujerarsa tana shan iska, fuska fes. Jiya Saudatu ta kawo mini shayi da irin murmushin nan sak.

"Yalla, Abu Tariq, sha da zafinsa."

Kafin ya huce na mayar da gado ɗakin sanyi. Littattafai suna falo suna funfuna, ni kuma ina numfashi.

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, babu ruwana, ban ma san ka ba. In an kawo maka shayi, kai ka san yadda kuka yi da iyalinka.