Kiran da Kwamfuta Ta Amsa

Shekarar da soja suka miƙa mulki, maigidana Alhaji ya sa ni in haɗa kwamfutar ofishinsa na Fagge da ta abokin cinikinsa, Mista Okeke, a Sabon Gari. Na haɗa su ta layin tarhon Alhaji, na saita ta Fagge ta riƙa amsa duk kiran da ya shigo. Na bugi ƙirji na ce ko aljani bai isa ya kutsa tsakaninsu ba.

Ashe Alhaji kiran gidan gwamnati yake jira, an yi masa alkawarin kujerar kwamishina. Ya tare a gaban tarho, ko abinci ba ya iya ci. Tarho na fara ƙara sai ƙarar ta ɗauke. Na gane kwamfutar ce ke amsawa tana ƙara a kunnen mai kira, amma na ji tsoron faɗa masa.

Ran da aka karanto sunaye a rediyo babu nasa, Okeke ya faɗo ofis yana haki: "Alhaji, an ce sun yi ta kiranka, wayarka tana yi musu ihu a kunne!"

Alhaji ya juyo a hankali ya zuba mini ido.

Har yau in na ratsa Fagge sai an ɗaga mini hannu: "Ranka ya daɗe, Kwamishinan Sadarwa!"