Nomau da Tsiron Alhaji

A Unguwar Ɗinya, gidan da ke kallon rijiyar masallaci, nan ne gidan Alhaji Shekarau. Mutum uku ne a ciki in ka cire dabbobi: shi Alhajin, da matarsa Tabawa, sai ƙaninsa Nomau. In ka ce mutum biyu da rabi ma ba wanda zai yi maka musu. Nomau ya haura arba'in, ga ƙirji ga damtse, amma kan nan nasa ɗakin da ba a taɓa shiga ba ne. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, daidai yadda ya fito daga bakinka. Mu maƙwabta mun daɗe da daina aikensa. Tabawa ce kaɗai ba ta daddara ba, don tana ganin wayonta ya ishi mutum biyu.

Da ciwon suga ya kama Alhaji har wuyansa ya fara ramewa, sai 'yarsu Asabe, wadda ke aikin jinya a Jos, ta aiko da wata ƙwaya cikin ɗan buhu. Ba gero ba, ba alkama ba, wata aba ce mai kusurwa uku, wai sunanta bakwit. Ta yi wa uwarta bayani a waya: a jiƙa, a wanke, a bari ta tsiro, sannan Baba ya riƙa ci ɗanye da tumatir da ɗan ƙuli. Alhaji ya ce shi dai bai taɓa jin inda mutum mai 'ya'ya ya koma cin abincin kaji ba, amma tunda Asabe ce, to.

Wata rana Tabawa ta auno ƙwayar a ƙwarya ta miƙa wa Nomau. Randa ba ruwa, sai ta ce, "Ungo, je ka jiƙa min wannan a rijiya." Nomau ya karɓa da hannu biyu, ya je bakin rijiya, ya yi bisimilla, ya juye ƙwaryar a ciki. Ya leƙa ya ga ta nutse, ya dawo yana murmushi. Ita wannan ƙwaya kuwa in ta sha ruwa yauƙi take fitarwa kamar kuɓewa. Kashegari ladan ya ja guga zai yi alwala, ya ga ruwa na bin yatsunsa yana zare. Ya ƙwala salati. Kafin hantsi an taru ana cewa an yi wa rijiya asiri, har wani ya tafi kiran mai ruƙiyya.

Nomau ya ratso taron ya ce, "Ba asiri ba ne, abincin Yaya ne. A bar shi ya jiƙu."

Samarin unguwa suka wuni suna yashe rijiya, suna zagin wanda ba su isa su zaga a gaban Alhaji ba.

Wata rana kuma, bayan Tabawa ta jiƙa wani da hannunta, ta ga yauƙin ya yi yawa. Ga tuwo a wuta, ga baƙuwa a ɗaki. Ta ce, "Nomau, wanke min shi tas, irin wankin da kake wa rigarka ta Juma'a. Kada in ga yauƙi ko ɗigo." Ai kuwa ya samu aikin da ya iya. Ya ɗauko sabulu ya cuɗa, ya zuba a tsumma ya buga a kan dutse, ya ɗauraye, ya sa bula har ƙwayar ta yi shuɗi. Da ya zo shanya ne abin ya ba shi wahala. Ya ɗora ƙwaya a igiya ta faɗo, ya sake ɗorawa ta faɗo, kaji na ƙasa suna godiya.

Tabawa ta fito ta riƙe haɓa. "Me zan gani haka?"

"Saura guga, Hajiya. In sa gawayi?"

Ta ce da shi, da za a sayar da hankali a kasuwar Laraba da ta sayar da ɗan kunnenta ta saya masa. Ya ce zai tambaya in ya je.

Wata rana dai aka yi sa'a. Tabawa ta jiƙa, ta wanke, ta baza a faifai ta lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta hana Nomau ko kallon wurin. Ƙwaya ta fashe, ta fito da fararen saiwoyi sirara, gwanin sha'awa. Daɗi ya kama ta har ta manta da wa take magana. Ta ɗaga faifan ta ce, "Kai, dubi yadda ya yi gemu! Ɗan gyara shi ka kai wa Alhaji zaure." Nufinta ya tsince ɓawon. Nomau ya san wuri ɗaya ne ake gyaran gemu a garin nan. Ya ɗauki faifai ya nufi gindin darbejiya wurin Jatau wanzami, ya bi layi kamar kowa. Da aka zo kansa ya ajiye faifan a kan tabarma ya ce, "A rage, amma kada a yi ƙwal."

Jatau mugun ɗan iska ne, Allah ya shirye shi. Maimakon ya kore shi, sai ya wasa aska, ya kira jama'a su zo kallo, ya bi saiwoyin nan yana sharewa yana tambayar ƙwaya ko aska na ciwo. Mutane har da masu kwanciya don dariya. Alhaji ya karɓi faifai ya ga ƙwaya tsirara, duk abin da ake jira an aske shi an bar wa iska. Ya dubi ƙaninsa, ya dubi sama, ya ce a kawo masa ruwa.

Wata rana Asabe ta bugo waya, ta ce a ba ta Nomau don ta riga ta ji labarin ɓarnar da yake yi. Ta bi shi a hankali. "Baffa, abu ɗaya nake roƙonka. Abincin nan ɗanye ake ci. Ko kusa kada ya ga wuta." Ya ce, "An gama, 'yata." Da azahar Tabawa ta ce ya ɗauko kwanon tsiro daga rumfa ya kai zaure. Hanyar zaure kuwa ta gaban murhu ta bi. Nomau ya tsaya, ya rufe kwanon da hularsa, ya ga kamar bai isa ba, sai ya ɗauki tulu ya sheƙa wa murhu. Toka ta tashi ta rufe miyar kuka da fuskar Tabawa gaba ɗaya. Da ya fito ƙofar gida ya hango Delu mai ƙosai ta hura tata wutar daidai saitin zaure. Ita ma ya gama da ita. Delu ta biyo shi da matsami har cikin gida tana ambaton kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana gudu yana kare kwano da ƙirji yana cewa, "Bai gani ba! Wallahi bai gani ba!"

To, da ɓarna da komai, abin da ya isa bakin Alhaji ya karɓe shi. Ya ce jikinsa ya yi sauƙi, ya fara takawa gona. Tsofaffin majalisarsa masu irin ciwonsa suka fara tambaya. Tabawa ta shiga fasa kai a gidajen suna, tana cewa ita ce likitar. Sai ƙwayar Jos ta ƙare.

Wata rana ta ce ƙwaya ai ƙwaya ce, ba sai an jira Asabe ba. Ta buɗe rumbu ta ɗebo dawa mai yawa, ta jiƙa, ta bar ta har tsiron ya yi tsawon yatsa ya fara kore, don a ganinta in ya fi tsawo ya fi magani. Ba ta shanya ba, ba ta murje tsiron ta dafa ba yadda ake yi wa na kunun zaƙi. Ta cika babban baho da shi ɗanye, ta yanka tumatir a kai, ta aika a kira abokan Alhaji. Zaure ya cika da tsofaffi, kowa ya wanke hannu.

Ta ɗora wa Nomau bahon a ka ta ce, "Ka natsu. Ka fara kai wa wanda ya fi kowa girma a gidan nan. Sai ya ci sannan a ba saura."

Nomau ya tsaya tsakar gida ya auna. Yaya dai ciwo ya rage shi. Hajiya gajera ce. Wanda ya fi kowa girma a gidan yana ɗaure a turke, jan bijimin da Alhaji ke kiwo tun kaka. Ya ajiye masa baho ya durƙusa ya ce, "Bisimilla, ranka ya daɗe."

Tsofaffi suka gaji da jira. Alhaji ya leƙo, Tabawa ta fito, suka tarar bijimin ya kusa sharce baho. Ta ɗora hannu a ka ta fara kururuwa, ta rarumi muciya. Ba ta kai ga sauke ta ba sai bijimin ya fara haki. Ƙafafunsa suka ɗauki rawa, kumfa ta cika masa baki, ya durƙushe, ya kife. Kafin a samo wuƙar yanka shi, ya mutu.

Alhaji ya sunkuya ya ɗebo ragowar, ya murza a tafin hannu.

"Tabawa, wannan dawa ce?"

Ta ce, "Ai duk tsiro ne, Alhaji."

"Tsiron dawa ɗanye? Abin da muke kore shanu daga gona saboda shi?"

Ya juya ya dubi tsofaffin da suka cika ƙofar zaure, hannuwansu ko bushewa ba su yi ba. Ɗaya daga ciki ya zauna a ƙasa ba shiri. Muciya ta sulale daga hannun Tabawa.

Shi kuwa gogan ya ɗauki bahon ya karkaɗe gefensa ya ce, "Babba ya ci. Akwai ɗan saura a ƙasa. Yaya, kai ne ke bi masa ko Hajiya?"

Alhaji ya ce, "Je ka haƙa rami mai zurfi ka binne shi."

Nomau ya ce to, ya ajiye baho ya tafi ɗauko fartanya. Alhaji ya bi shi da kallo, sai kuma ya zabura ya ɗaga murya.

"Nomau! Tsiron nake nufi. Na cikin bahon nan. Ka ji ko? Ba wani mai rai ba!"