Yadda Za Ki Hau Dutse da Surukarki Mararki Na Murɗawa

'Yar'uwa, kin yi aure a birnin Bergen na ƙasar Norway, dangin mijinki ba su san hutun Lahadi ba sai hawan dutse, ga ki da endometiriyosis, ciwon marar nan mai sa mace ta rasa inda za ta sa kanta? Kwantar da hankalinki. Bi matakan nan, na ba ki tabbaci surukarki ba za ta taɓa ganewa ba. Maƙwabciyata Ingunn ta gwada su, saura ƙiris su yi aiki.

1. Kada ki kuskura ki faɗi gaskiya

Likita ya ce wa Ingunn ta riƙa tattaki a hankali, ta yi iyo, ranar da ciwon ya motsa kuma ta kwanta. Shawara mai kyau, sai dai ba likitan ne zai ci abinci teburi ɗaya da Torhild ba. Torhild uwar mijinta ce, ta haura saba'in, tana hawan dutse kamar akuya. Matar babban ɗanta ta taɓa cewa ba ta jin daɗi ran Lahadi, ta yi zamanta a gida, har yau Mai Kujera ake kiranta a gidan. Ingunn ta fi tsoron sunan nan a kan tiyata.

2. Bari kaya su yi miki ƙarya

Sabon takalmi tonon asiri ne, ki dulmuya shi a lakar lambu tukuna. Murza kumatunki su yi ja. Cusa jakar ruwan zafi a ƙarƙashin rigar ulu, daidai mara. In ta ɗan turo, ki ce burodin safe ne.

3. Koyi son tsirrai

Ciwon zai soke ki a tsakiyar hawa, ba makawa. Kada ki yi nishi. Durƙusa ki ƙura wa ƙasa ido kamar masaniya. Haka Ingunn ta duƙa gaban wata gansakuka a gefen dutse, gumi na tsiyaya.

Mijinta Sindre ya raɗa mata, "Mu koma gida mana. Zan gaya wa Mama."

"Gaya mata, ka ga inda za ka kwana yau. Wuce, nazari nake yi."

4. A ƙololuwa, yi murmushi ki sha lemonki

Nan aka samu matsala. Jakar ta huce, Ingunn ta kasa ko ɓare lemon da kowa ke sha in an kai sama. Torhild ta kori mazan su je kallon teku, ta zauna kusa da ita, ta jawo tsohon filas ɗinta ja, wanda duk gidan suka san na gahawarta ne, ba mai taɓawa.

"Miƙo jakar," in ji ta.

"Wace jaka, Torhild?"

"Wadda ke ta ƙugi a cikinki tun daga gindin dutse."

Ta buɗe filas. Ba gahawa ba ce, tsurar ruwan zafi ne. Ta juye shi a jakar ba ko ɗigo a ƙasa, hannun ya saba.

"Tun ina amarya nake bin uwar mijina dutsen nan da irin jakar nan. Ciwon ya tafi da tsufa, filas ɗin ne ya ƙi barina. Gansakukar da kika duƙa wa, ni na fara gaishe ta."

Ingunn ta ji daɗi, ta kuma ji haushi har hawaye suka zubo. "To Mai Kujera fa? Ke kika raɗa mata sunan."

Torhild ta daɗe tana murza murfin filas. "Ƙyashi ne. Ita ta iya buɗe baki ta faɗa, ni ban taɓa iyawa ba."

Hattara

Mai wannan shawara ba likita ba ce, kuma ba ruwanta da abin da ya biyo baya. In wata Lahadi kika tsinci kanki a tafkin iyo mai ɗumi tare da surukarki da Mai Kujera, mijinki na can kan dutse cikin ruwan sama da lemo huɗu ba mai tayawa, kada ya zo ƙofata. Ni gansakuka kawai na koyar.