Kunun Yaran Miri

Ko komai ya shige mini, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi minshari a gaban Bature mai duba makarantu ba.

Ana gab da samun mulkin kai ne, ni kuwa sabon malami a wata elementare cikin garin Bauchi, kai ya kumbura da ilimi. A ajina akwai yara maza 'ya'yan manoma da ke takowa a ƙasa daga ƙauyen Miri. Kafin hantsi duk sun kife kai a benci. Hedimastanmu, Malam Garba, ya ce daƙiƙai ne, ƙarshen shekara zai sallame su su koma gona. Na ce masa yunwa ce, da damina ba sa karyawa suke fitowa.

Na bi iyayensu na roƙi gero. Tun asuba nake tashi in dama kunun tsamiya da hannuna (ga ni gwauro, matan gidan da nake haya har leƙe suke suna dariya), in ɗoro tulu a keke. Yara suka farfaɗo. Malam Garba ya ce to, Bature na nan tafe, shi zai yanke hukunci.

Da ya zo, na cika masa kunne da jawabi cewa duk wanda ya sha kununa ba ya barci a aji. Ya ce shi zai yi wa yaran tambayoyi da kansa, ni in koma baya in zauna. Na zauna a bencin ƙarshe, ashe ragowar kunun da na shanye don kada ya lalace yana jirana. Ina jin Audu, ƙaraminsu, yana zuba lissafi ba gargada, sai muryarsa ta fara nisa.

Wani gurnani ne ya tashe ni. Na zabura na daki benci na ce, "Wane ne ke barci a ajina?"

Audu ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malam, kai ne."

Malam Garba ya rufe fuska da hula. Bature ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce da irin Hausarsa, yara sun ci jarrabawa, malam ya faɗi. Amma kafin ya tafi ya sa a riƙa ba makarantar gero, a kuma ɗauki mai dama kunu don malam ya samu barci a gidansa.

Ba a kori ko ɗaya ba. Da yawansu suka wuce makarantar Midil, Audu har ya zama likita. Yanzu da furfurarsa, in ya zo gaishe ni sai ya fara tambayar jikokina ko Malam ya farka.

Tun daga ranar, in zan cika baki a gaban manya, a tsaye nake yi.