Rasuwar Mai Ƙofa Goma Sha Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni mai ajiyar kaya na bakin tasha nake sanar da 'yan uwa da matafiya rasuwar kabad ɗinmu na ƙarfe, Mai Ƙofa Goma Sha Biyu, wanda aka yi wa kisan gilla ranar Talata da hantsi, yana da shekara arba'in da uku.

Marigayin gadona ne daga mahaifina. Kowace ƙofa tasa makullinta ɗaya tak a duniya, maƙerinsa ya rantse bai yi na biyu ba. Ka zuba kayanka, ka ji "ƙaras!", ka tafi da makulli a aljihu hankali kwance. Bai taɓa cin amana ba. Ya karya wa ɓarayi sukundireba ba adadi, har ya taɓa datse wa wani yatsa. Ni kaina in babu makulli bai san ni ba.

Wannan halin nasa ne ajalinsa. Wata dattijuwa mai ciwon asma ta ajiye jakarta a ƙofa ta bakwai. Ɗanta da ya rako ta ya manta, ya hau mota da makullin. Hayaƙin motoci ya turnuƙe ta, numfashi ya sarƙe, abin shaƙarta kuwa yana cikin jakar. Ta zube gaban marigayin tana nuna ƙofar da yatsa. Aka jijjiga shi, aka roƙe shi, ko gezau.

Sai aka far masa. Mahauci da gatari, bakanike da guduma, direba da ƙarfen taya. Kowane duka sai ya amsa "gwaram!", amma bai saki ba. Suka lotsa masa ƙirji, suka fasa ƙofa ta shida da ta takwas a banza. Mai walda ya ɗora masa injin yanka, tartsatsi na tashi, marigayin ya yi wani "ƙiiii" da har gobe yake kunnena. Wayyo! Ya yi mutuwar maza.

Ƙofa ta bakwai ta buɗe, aka ciro jakar. Dattijuwa ta shaƙi maganinta, ta farfaɗo, ta duba, ta ce, "Kai jama'a, wane mara imani ne ya yi wa kabad ɗin mutane haka?"

Ya bar makullai goma sha ɗaya marayu, na bakwai yana can yana yawon duniya. Ya bar benci ɗaya, da ni, wanda ba mai ƙara ba wa ajiyar ko tsinke.

Gobe da safe za a ɗauke shi a amalanke zuwa makwancinsa, wajen masu sayen tsohon ƙarfe. Waɗanda suka dake shi su za su tura. Kada kowa ya zo da guduma. Ni dai a gafarce ni, ba zan iya raka shi ba. Ƙusa ɗaya ce lagonsa, can bayan ƙofar, mahaifina ni kaɗai ya nuna wa. Ni na nuna wa mai walda.