Asirin da na tono a cikin kujera

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar guntun katako gaban mai unguwa ba.

Lokacin shari'a ba ta daɗe da shigowa ba, kowa a Daura ya zama malami, har da ni mai sayar da gero. Kasuwa kuma ta tsaya mini cak a shekarar. Wata rana na zauna a doguwar kujerar ɗakin matata Rabi, sai ta burma da ni. Na zura hannu ciki, na zaro wani katako baƙi ƙirin, an naɗe gindinsa da jar fata, bakinsa kuma ƙusoshi ne a jere kamar haƙora.

Nan take na gane komai (ni ai ba a bar ni a baya ba wajen ganewa). Ga dalilin da gero ya ƙi sayuwa. Ga dalilin da in Rabi ta ce in tashi in sayo itace nake tashi ba musu. An mallake ni.

Kujerun nan mahaifinta ne ya haɗa mata su da hannunsa a kayan ɗaki, don sana'arsa ke nan tun ba a haife ni ba. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na ce, ashe daga tushe abin yake.

Rabi ta rantse ba ta taɓa ganinsa ba. Na faɗa mata maganganun da ba zan maimaita ba, ta goya 'yarmu Ummi ta tafi gidansu. Na ƙunshe abin a leda, ina tafe ina tofa addu'a, sai zauren mai unguwa. Aka aika a kira surukina.

Zaure ya cika. Na yi wa'azi mai ratsa jiki a kan shirka (rabinsa a kaset na ji), sannan na buɗe ledar. Mutane suka ja da baya. Baba, surukin nawa, ya sa tabarau, ya ɗauka, ya shafa shi kamar ya ga ɗan da ya ɓata.

"Ikon Allah. Ashe nan ka shige," in ji shi. Ya dubi mai unguwa. "Ranka ya daɗe, da shi nake jan bel ɗin ƙarƙashin kujera ya yi tauri kafin in buga ƙusa. Na mahaifina ne. Fatar kuwa don kada ya ci mini hannu."

Mai unguwa ya kama tarin da ba shi da shi. Wani a bakin ƙofa bai ma wahalar da kansa da tari ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da Baba zagina ya yi, da na samu sauƙi. Sai ya ce, "Na gode, Baban Ummi. Gobe zan zo in gyara kujerar. Rabi kuwa, tsakaninka da ita."

Ya zo ya gyara, ni ne mai riƙe masa bel, kaina a ƙasa. Biko kuwa na yi sawu har karen unguwarsu ya daina yi mini haushi.

Tun daga nan, in na tsinci abin da ban sani ba, tambaya nake yi kafin in hau wa'azi. Ranar da Rabi ta dawo, ko hijabi ba ta cire ba ta ce, "Baban Ummi, tashi ka sayo itace."

Katakon yana can gidan Baba, cikin akwatin kayan aiki. Na tashi ba musu.